Amawalin Agali a Iferwan

Ku ajiye wayoyin nan, ku matso kusa, ku ara mini kunnuwanku. In na gama zan mayar muku da abinku. Ba tatsuniya na zo da ita ba. Labarin aiki ne, aikin nan da kuka karɓa daga hannunmu.

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai wasa Iferwan ba. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, kada wani ya tambaye ni lambar shekara. Abin da na sani, bayan Babbar Salla ne, alkama ta fara fitar da kai a garake, wato lambunan da ake ba ruwan rijiya, kuma a lokacin gwiwoyina suna bina duk inda na ce mu je.

Ƙungiyarmu ta teyatur, wato wasan kwaikwayo, a nan Agadas take, shugabanmu kuwa Mushe Hamani, Bazabarme, malamin lakwal, su ne muke ce wa Mushe. Shi ke tsara wasa, shi ke raba wa kowa abin da zai fito. Ƙarƙashinsa akwai ƴan wasa, akwai mai kula da sono, wato na'urar ƙara sauti, akwai mai ganga. Ni don kaya aka ɗauke ni: in wanke, in ninke, in ɗinke abin da ya yage, in yi wa ƴan wasa kwalliya. Sai wata rana aka rasa mai fitowa tsohuwa, Mushe ya dube ni ya ce, "Inna Tsahara, ke ba sai an ɓata gari a kanki ba, furfurarki ta Allah ce." Tun daga ranar yakan karanta mini maganata, in riƙe da ka.

Aikinmu shi ne mu ɗauko abin da mutane ke faɗa a kan juna a bayan ido, mu shanya shi a fili a yi dariya. Bahaushen da zai sayar maka da inuwar bangonsa. Bafillacen da yunwa za ta kashe a gaban akushi don kunya. Bazabarme da ganyensa, Buzu da shayinsa da tsoron ruwansa. Matar da ta shafa man ƙara haske har fuska ta isa ƙasar Larabawa, ƙafa tana nan Hausa. Amma dokokinmu biyu ne, kuma Mushe ba ya wasa da su. Ta fari, duk wanda aka yi wa dariya sai ya rama kafin a tashi. Ta biyu, ba a rufe wasa mai ƙarfi yana bisa marar ƙarfi.

To, a cikinmu akwai Agali. Mu mutanen gari duk mai rawanin Abzin Buzu muke ce masa, ba mu tsaya rarrabewa. Amma su a junansu sun san jajaye, jikokin iyayengiji, sun san baƙaƙe, jikokin waɗanda aka mallaka. Agali baƙi ne kamar ni. Kakansa ya yi kiwon raƙuman da ba nasa ba har ya mutu. Shi kuwa tun yana saurayi ya zo Agadas, yana gyaran radiyo a bakin kasuwa, kansa a sake ko da ƴar hula, yana cin tuwo da mu kwano ɗaya, in ya yi dariya ka ga wushiryarsa daga ƙofar gida. Ba mu taɓa ganin ya rufe baki ba sai cikin wasa.

Shi ya kawo mana wasan da muke kira Jinin Gidanmu. Shi ke fitowa ubangida, ni baiwarsa tsohuwa. Ubangidan nan ba ya iya komai. Ni ke kore masa ƙuda. In ya gaji da zama, sai ya ce in gaji masa. Radiyo ta ce an hana bauta, sai ya ce, "Tsohuwa, je ki saurara mini. In an ƴanta ki, ki zo ki faɗa mini bayan kin gama daka." Sa'an nan ya shiga lissafin kakanninsa, kowane ya fi na bayansa haske, har ya kai ga wanda don tsabar fari ya faɗa ƙwaryar nono ba a sake ganinsa ba.

Kafin ya fito, nakan tankaɗe jar ƙasar nan da muke yaɓen gida, in kwaɓa da ruwa da ɗan ƙaro, in shafe masa hannuwa da kewayen ido, ya zama ja sosai. Sauran fuska tana ƙarƙashin amawali, wato ɓangaren rawani da ke rufe hanci da baki, can ba na shafa komai. A ƙarshen wasa, in ya buga ƙirji ya ce ko ɗigon baƙi babu a gidansu, sai in miƙa hannu in fizge amawalin. Sama ja, ƙasa baƙi ƙirin. In ce, "Nonon wa ka sha? Sama na babanka, ƙasa nawa!" Mun yi shi unguwa-unguwa a Agadas, mun yi shi a Ingal, mutane suna faɗuwa daga benci.

Sai matasan garake na Iferwan suka aiko mu je. Garin Agali ke nan, mun kuwa san ya yi aure can, matar tana gidan iyayenta. Muka hau mota da kayanmu, muka sha dutse da rairayi har ƙashin bayanmu ya gaya mana. Da itatuwan dabino suka fara bayyana, sai Agali ya buɗe jaka ya ciro rawani ya naɗa, ya ja amawali har ƙarƙashin ido.

Mushe ya ce, "Kun ga bawana ya ji ƙamshin gida, ya fara ɓoye haƙoran satar cuku."

Agali ya ce, "Kai ne bawana, mai cin ganye. Sauka ka buɗe mini ƙofa."

Ku da ba ku sani ba, Bazabarme da Buzu taubasai ne, wannan kalma a tsakaninsu gaisuwa ce. Muka yi ta dariya. Ba wanda ya tsaya ya ce, shin mutumin nan da ya rufe baki tun bai sauka ba, gobe ba mu ne za mu buɗe shi a tsakiyar garinsu ba? Mu a wurinmu rawani tufa ne, a naɗa a kwance. Nan muka yi kuskure, mu duka, har da ni mai furfura.

Washegari bayan la'asar aka share fili kusa da kasuwa. Aka shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gaba, mata suka zauna gefe guda, yara kuwa har bisa itace. Muka fara da ƙananan wasanni. Dattawan can sun yi ayari zuwa kudu tun suna samari, Hausa ba ta ɓace musu, abin da ya kuɓuce wa mata kuwa Agali yakan juya shi da harshensu.

Ina bayan mota ina shafa masa jar ƙasa, sai na ga yana ta leƙen tabarmar dattawa.

Na ce, "Kai da ka yi wasan nan har ka gaji, yau ne za ka yi mini leƙe-leƙe?"

Ya ce, "Inna, kin ga tsohon can na gefen dama, mai farin rawani, mai sanda a cinya?"

"Na gan shi."

"Baban Tima ne."

Tima ita ce matarsa. Ko sunan tsohon bai iya kamawa ba. A nan ya warware mini abin da ya kamata in sani tun a mota. A wurinsu namiji ba ya buɗe baki gaban surukinsa. Ba ya ci a gabansa, ba ya sha, in sun haɗu ma ƙara jan amawali yake yi. A fizge wa namiji amawali a bainar jama'a kuwa, daidai yake da a tuɓe masa wando a kasuwa. Kuma ga babbar magana: al'adarsu ce mace ta zauna wurin iyayenta bayan aure, miji ba ya ɗauke ta sai surukai sun gamsu da hankalinsa da kunyarsa. Tima ta haihu, Agali ya zo da niyyar a roƙa masa a ba shi ita da jaririyar su koma Agadas. Tsohon kuwa dama yana ɗari-ɗari, yana cewa wane irin namiji ne ke tsalle gaban mata don a yi dariya.

Na ce, "In na ja amawalin nan fa?"

Ya ce, "Sai dai in riƙa ganin ɗiyata salla-salla."

Na aika aka kira Mushe. Da ya ji, duk wasan da ke fuskarsa ya tafi. Ya ce, "Agali, laifina ne, ya kamata in tambaya. Mu bar wannan, mu rufe da na Bafillace."

Agali ya ce, "A'a."

"To wani ya naɗa rawanin."

"Mushe, ka ga waɗancan uku na tsakiyar tabarma, masu baƙin turkuɗi? Na tsakiyarsu, kakansa ne ya mallaki kakana. Na kai wasan nan garuruwan mutane, a garinmu ne zan ɓuya bayan mota? Matasan nan don shi suka kira mu." Ya juyo gare ni. "Inna, ki ja. Kamar kullum."

Mushe ya ce, "Inna Tsahara, hannunki ne zai yi aikin. Ba zan ce ki ja ba, ba zan ce ki bari ba. Abu ɗaya na sani, ba za a tashi a filin nan ubangida yana bisa ba. In ya gama kurinsa muka rufe, to mun zo Iferwan mun yi masa kirari ke nan."

Aka buga ganga, muka fita.

Ban taɓa ganin Agali ya yi wasa kamar na ranar ba. Ya zauna kamar an dasa shi. Na kore masa ƙuda, na gaji masa, na je na saurara masa radiyo. Daga baya, inda matasa suke tsaye, dariya tana tashi tana faɗuwa. A tabarmar gaba kuwa shiru. Mai amawali ba a ganin dariyarsa, ba a ganin fushinsa, sai idanu kawai jere suna bin mu. Ni kuwa bakina yana faɗin maganata, zuciyata tana can wani wuri tana neman ƙofa. In na ja, na raba shi da iyalinsa. In na bari, na bar jikokin bayi su koma gida da kurin ubangida a kunne.

Ya kai ga kakan da ya ɓace a ƙwaryar nono. Ya miƙe, ya buga ƙirji, ya ce ko ɗigon baƙi babu a gidansu. Ya sunkuyo da kai kaɗan yadda ya saba, don hannuna ya kai. Na ɗaga hannu. Na ga ya rufe ido.

Rana ta yi ƙasa, inuwa ta miƙe. A gefen ƙafata akwai buta, cikin tarkacen da baiwa ke ɗaukar wa ubangida, cike da ruwan da na ɗebo don kwaɓin ƙasa. Hannun da na ɗaga sai na sauke shi a kanta.

Na ce, "Ranka shi daɗe, magariba ta gabato. Miƙo hannu a yi alwala."

Ya buɗe ido. Ya dubi butar, ya dubi hannuwansa, ya dube ni. Ɗan wasa na ƙwarai ba a yi masa bayani sau biyu. Nan take ya ja da baya, ya cusa hannuwa cikin hammata.

"Wace alwala? Taimama zan yi!"

Na ce, "Taimama a Iferwan? Ga rijiya a gabanka, ga rijiya a bayanka, ko albasar garin nan kullum sai ta yi wanka."

"Ruwa yana sa mini mura!"

"Tun kana tsumma kake faɗin haka."

"To ki yi mini alwalar a jikinki, ai ke ce mai yi mini komai!"

"Na gaji maka, na yi maka atishawa, amma wannan kam Mai Sama ba ya karɓar ɗan aike."

Fili ya ɗauka. Ya ruga, na bi shi da buta, tsohuwa da ni, muka zagaye tabarmar wasa, yara suna ihu daga bisa itace. Na kama hannun rigarsa, na jawo hannun dama, domin da shi ake farawa. Na zuba ruwa, na murza. Jar ƙasa ta bi yatsunsa ta zuba cikin rairayi. Hannu ya fito baƙi sumul.

Na ɗaga hannuwansa biyu sama, kowa ya gani. Ɗaya ja, ɗaya baƙi. Na kafa nawa kusa da baƙin.

Na ce, "Wannan na babanka. Wannan nawa. To faɗa wa mutanen Iferwan, da wanne kake cin abinci?"

Aka yi tsit, har ina jin kukan raƙumi daga wata garka. Agali ya dubi hannun hagu, ya dubi na dama, ya kai na daman a hankali wajen bakinsa da ke rufe. Sai wata tsohuwa daga cikin mata ta saki guɗa. Wurin ya fashe. Matasa suna tsalle, mata suna tafi suna kama juna. A tabarmar gaba, na tsakiyar masu turkuɗin nan ya miƙe, ya kaɗe rigarsa ya tafi, wasu mutum biyu daga bayansa suka bi shi. Amma na kusa da shi bai tashi ba, na ga kafaɗunsa suna rawa. Na saci kallon mai farin rawani. Yana nan yadda yake, sanda a cinya, kamar dutse.

A bayan mota Agali ya ce, "Na ce ki ja."

Na ce, "Ka ce. Ni kuwa na girme ka. Kawo ɗayan hannun."

Mushe ya iso yana share ido da hularsa, ya ce, "Shekara nawa ina neman wanda zai yi wa bawan nan nawa wanka, sai yau Allah ya karɓa."

Da safe muna ɗaure kaya sai aka ce baban Tima yana kira na. Ni, ba Mushe ba, ba Agali ba. Na same shi a garkarsa yana buɗe wa alkama ruwa da fartanya. Tsoho ne baƙi, siriri, hannuwansa kamar saiwar itace. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi zafin Agadas, ya tambayi ƴaƴana. Sai da ruwa ya cika fangali guda ya toshe, sa'an nan ya yi magana, bai dube ni ba.

"An ce mini a wasu garuruwa ba haka kuke rufe wasan nan ba."

Na ce, "Gaskiya ne."

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe wa wani fangalin.

"Ki faɗa wa mutumin nan naku, zaman ya yi daidai. Tafiyar ma ta yi daidai. Amma ya yi kuskure wuri ɗaya. Yana ce miki tsohuwa. Ubangidan mahaifina bai taɓa kiran mahaifiyata da komai ba, ko tsohuwa, ko yarinya. Sanda yake bugawa a ƙasa, duk wanda ya fi kusa ya zo." Ya ɗaga fartanya ya buga ƙotarta a ƙasa, ya sake bugawa. "Haka. Ya gyara."

Na ce zan faɗa. Na tsaya, domin na ga da sauran magana a bayan amawalin.

Ya ce, "Motarku ƙarama ce. Kayan ɗiyata da yawa, tabarminta kaɗai za su cika ta. In an yanke alkama, ya turo babba."

Da na kai wa Agali saƙon, sai ya zauna bisa akwatin sono ya ja amawalinsa har ya rufe idanu, muka ba shi baya muka ci gaba da ɗaurin kaya.

To ƴaƴana, abin da na koya ke nan. Wasan da ya yi daɗi a Agadas ba lalle ya shiga kowane gari da ƙafa ɗaya ba. Tun daga ranar, duk inda za mu, sai mun zaunar da ɗan garin mun tambaye shi: a wurinku mene ne tsiraici? Kuma ku riƙe wannan. Mu masu tonon ciwo ne, ciwon launi da na asali, wanda mutane suka rufe da tsumma tun kaka da kakanni. Ku tona, kada ku ji tsoro, wanda zai tashi ya tafi ya tafi. Amma abokin wasanku da ya ba ku fuskarsa, in an tashi gida zai koma da ita.

Mushe Hamani ya yi ritaya ya koma can yamma bakin kogi, yana aiko wa Agali da busasshen ganye don tsokana. Mutumin da ya kaɗe riga ya tafi, bai sake zuwa kallonmu ba, ko da yake ƴaƴansa sun zo. Tima ta iso Agadas bayan yankan alkama, ita ce kuke sayen cuku a hannunta, jaririyar kuwa ga ta nan zaune cikinku tana sunkuyar da kai. Agali ya sa bugun sandar nan cikin wasa, kuma a nan ne kaɗai ba a dariya. Ni gwiwa ta zaunar da ni, sai dai in zo in duba ɗinkinku in yi faɗa.

Baban Tima ya rayu shekaru bayan haka. Duk lokacin da muka koma Iferwan yana gefen dama, sanda a cinya. Allah ya karɓi abinsa cikin garkarsa, Agali ne ya shiga kabari ya karɓe shi. Har ya koma ga Ubangijinsa, bai taɓa ganin bakin mijin ɗiyarsa ba.